Iyakar Kwamfuta: Tarihin Wata Tambaya ta Masu Lissafi

Wata ran Asabar, bayan mun tashi daga ajin baftisma, gardama ta kaure tsakanin samari biyu a ƙofar majami'a. Sai ɗaya ya zaro waya daga aljihu ya ce, "Ku daina wahalar da kanku, mu tambayi wannan. Babu abin da ba ta sani ba." Yadda ya riƙe wayar nan ya tuna mini da masu zuwa wurin mai duba, ya zana ƙasa, duk abin da ya faɗa kuwa ya zauna. Ban tanka ba a ranar, gama ban so in kunyata shi a gaban abokansa ba. Amma tun daga lokacin nake jin yana bina bashin amsa.

Amsar tana cikin tarihi. Kwamfuta, wadda wayar hannu ƙanwarta ce, ta fito ne daga wata tambaya da masu lissafi suka yi ta fama da ita. Tambayar kuwa ita ce: ko akwai abin da lissafi ba zai iya warwarewa ba? Sun sami amsa a shekarar 1936, tun ba a ƙera kwamfuta irin tamu ko ɗaya ba. Wato an san iyakarta tun kafin a haife ta. Ga yadda abin ya faru.

Mafarin al'amari

Duk wanda ya yi makaranta ya san akwai lissafin da ake yi ba tare da dogon tunani ba. In za ka tara 47 da 38, sai ka tara 7 da 8, ka rubuta 5, ka riƙe 1, ka wuce gaba. Ko ka gane dalili ko ba ka gane ba, in dai ka bi matakan daidai za ka sami 85. Irin wannan hanya mai matakai ita ce masana ke kira algoridim. Kalmar ta fito ne daga sunan Muhammadu ɗan Musa Alhawarizmi, wani masani da ya zauna a Bagadaza zamanin Halifa Ma'amun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833. Ya rubuta littafi a kan lissafi da lambobin mutanen Indiya. Sa'ad da aka juya littafin zuwa Latin a ƙarni na 12, sai Turawa suka karkata sunansa, ya zama sunan hanyar kanta.

Bayan ƙarnuka sai wani Bajamushe, Gottfried Leibniz, wanda ya rayu daga 1646 zuwa 1716, ya ɗauki abin ya kai shi nesa. Ya ƙera injin tarawa da ninkawa, ya nuna shi a Landan a 1673. Mutum ne da ya ga ɓarnar da rikicin addini ya yi wa ƙasarsa, ya kuma yi shekaru yana rubuce-rubuce da manyan ikilisiya domin a sulhunta Katolika da Furotesta. Burinsa shi ne a sami wasu alamu da za a rubuta kowane tunani da su, yadda in mutum biyu suka yi saɓani, sai su zauna da alƙalami su lissafta, a ga mai gaskiya. Ya rasu bai ga sulhun ba, bai kuma gama tsara alamun ba. Amma burin bai mutu tare da shi ba.

Tambayoyin Hilbert

A farkon ƙarni na 20, David Hilbert na jami'ar Gottingen a Jamus yana cikin manyan masu lissafi na duniya. A 1900 ya gabatar da jawabi a Faris, ya jera matsaloli waɗanda a rubuce suka kai 23, ya bar wa masu zuwa su warware. Ya gaskata ƙwarai cewa duk tambayar lissafi tana da amsa, haƙuri kawai ake bukata.

Sai mu gane abin da ake nufi da hujja a lissafi. Ana farawa da 'yan maganganu kaɗan da kowa ya yarda da su, su ne ginshiƙai. Daga nan a riƙa ɗora magana a kan magana bisa ƙa'ida, kamar mai gini yana jera tubali, har a kai ga abin da ake so a tabbatar. A 1928 Hilbert ya nemi a tabbatar da abu uku game da wannan gini. Na fari, cewa kowace magana ta lissafi ana iya tabbatar da ita ko a ƙaryata ta daga ginshiƙan. Na biyu, cewa ginin ba zai taɓa saɓa wa kansa ba. Na uku, cewa akwai hanya guda mai matakai, irin ta tara 47 da 38, wadda in aka ba ta kowace magana za ta yanke hukunci ko tana da hujja ko babu. Wannan na uku shi ne burin Leibniz ya dawo da sabuwar riga.

A watan Satumba na 1930 masana suka taru a Konigsberg, garin da Hilbert ya girma, wanda yanzu yake cikin Rasha da sunan Kaliningrad. Ran 8 ga wata Hilbert, yana da shekara 68, ya yi jawabi, aka kuma sa wani sashensa a rediyo. Ya rufe da cewa lalle ne mu sani, kuma za mu sani. Kalmomin nan ne aka sassaƙa a kan kabarinsa daga baya. Ana wata ga wata: kwana ɗaya kafin jawabin, ran 7 ga wata, a wani ƙaramin zama a garin nan, wani saurayi ɗan shekara 24 daga Biyana mai suna Kurt Godel ya riga ya faɗi abin da ya rushe buri na fari. Kusan ba wanda ya kula, sai John von Neumann, wanda ya ja shi gefe bayan zaman ya yi masa tambayoyi.

Dabarar Godel tana da tsohon asali. Masu karanta Littafi Mai Tsarki za su tuna wasiƙar Bulus zuwa ga Titus, sura 1 aya 12, inda aka ambaci wani mutumin Karita da ya zargi mutanen Karita da ƙarya. Bulus gargaɗi yake yi, ba wasa ƙwaƙwalwa ba, amma masu ilimin tunani sun daɗe suna juya irin wannan magana. Suka kaifafa ta haka: mutum ya ce, "Abin da nake faɗa yanzu ƙarya ne." In gaskiya ya faɗa, to ƙarya ce. In ƙarya ce, to gaskiya ya faɗa. Godel ya sami hanyar ba kowace alama da kowace magana ta lissafi lamba, har lissafi ya iya yin magana a kan kansa. Sa'an nan ya gina wata magana mai cewa, "Ba ni da hujja a cikin wannan tsari." In tsarin ya tabbatar da ita, ya tabbatar da ƙarya ke nan. In bai iya ba, to abin da ta faɗa gaskiya ne, ga shi kuwa ba ta da hujja. A takardar da ya buga a 1931 ya ƙara nuna cewa irin wannan tsari ba zai iya tabbatar da cewa shi kansa ba ya saɓa wa kansa ba. Buri biyu sun faɗi, saura na uku.

Akawu da littafinsa

Na ukun yana da wata wahala ta musamman. In kana so ka nuna akwai hanya, sai ka kawo ta kowa ya gani. Amma in kana so ka nuna babu hanya sam, har abada, dole ka fara faɗin abin da ake nufi da "hanya mai matakai" filla-filla, ba ragi ba ƙari. Har lokacin ba wanda ya yi haka.

A 1935 wani saurayi a jami'ar Kambirij ta Ingila, Alan Turing, wanda aka haifa a Landan ran 23 ga Yuni 1912, ya ji wannan tambaya a darasin malaminsa Max Newman. A zamanin, kalmar da ta zama kwamfuta a bakinmu sunan ma'aikaci ce, akawun da ke zaune yana lissafi da fensir. Turing ya zuba wa wannan akawu ido a zuci, ya tambayi kansa, me yake yi a zahiri? Ya tuna littafin lissafi na yara mai gida-gida. Mu da muka yi firamare ta mishan mun san shi sarai, lamba ɗaya a gida ɗaya, in ka ƙetare layi ka sha bulala. Akawu yana duban gida, yana tuna inda ya tsaya, yana rubutu ko sharewa, yana matsawa gaba ko baya. Aikin ke nan duka.

Sai Turing ya siffanta wani inji a takarda. Akwai dogon zirin takarda mai gida-gida wanda ba ya ƙarewa. Injin yana ganin gida ɗaya a lokaci guda. Yana da 'yan halaye ƙididdigaggu da zai iya kasancewa a ciki, da jerin umarni mai cewa: in kana hali kaza ka ga alama kaza, rubuta kaza, matsa dama ko hagu, ka koma hali kaza. Ya kawo dalilai cewa duk lissafin da akawu zai yi ta bin ƙa'ida, wannan inji zai yi shi. Ya kuma gano wani abu mafi girma. Tun da jerin umarni shi ma rubutu ne, ana iya rubuta shi a kan zirin, a ba wani inji guda ya karanta ya aikata. Wato inji ɗaya zai iya zama kowane inji, in dai an ba shi umarninsa. Dalilin ke nan da ya sa waya guda take zama rediyo da agogo da kyamara da littafin waƙoƙi, ba tare da an sāke ƙarfenta ba.

Alƙali da ɗan gardama

Yanzu ga iyakar. Wani jerin umarni yakan gama aiki ya tsaya, wani kuwa yakan yi ta zagaye har abada. Ga misali. A 1742 Christian Goldbach ya rubuta wa Leonhard Euler wani zato, wanda a yau ake faɗinsa haka: duk lambar da ta fi 2, mai rabuwa biyu daidai, ana samunta ta tara lambobi biyu waɗanda ba sa rabuwa sai da 1 da kansu. 8 ita ce 3 da 5, 20 ita ce 7 da 13, 100 ita ce 47 da 53. Abu ne mai sauƙi a umarci inji ya bi 4, 6, 8, 10, ya yi ta tafiya, ya tsaya ran da ya sami wadda ta ƙi. Zai tsaya ko ba zai tsaya ba? Har yau ba wanda ya tabbatar. Jira ma ba ya magani, gama in shekara dubu ta wuce bai tsaya ba, wataƙila gobe ne.

To, ko za a iya ƙera wani inji, mu kira shi Alƙali, wanda in aka nuna masa kowane jerin umarni zai faɗa daidai ko mai tsayawa ne? Ga hujjar, a yadda malamai na baya suka sauƙaƙa ta. A ce an ƙera Alƙali. Sai mu ƙera wani, mu kira shi Ɗan Gardama, wanda umarninsa shi ne: kai wa Alƙali jerin umarninka, ka ji abin da zai ce a kanka, sa'an nan ka yi akasinsa. In ya ce za ka tsaya, ka yi ta zagaye. In ya ce ba za ka tsaya ba, ka tsaya nan take. Kamar mai duba ne ya gamu da yaro mai taurin kai wanda ya rantse zai saɓa masa. In ya ce "gobe za ka kasuwa", yaro ya zauna gida. In ya ce "za ka zauna gida", yaro ya kama hanya. Duk abin da Alƙali ya faɗa a kan Ɗan Gardama kuskure ne. Ashe Alƙalin da ba ya kuskure ba zai ƙeru ba, kome kuɗi, kome gudun inji. Turing ya nuna kuma cewa da hanyar da Hilbert ke nema tana nan, da an gina Alƙali da ita. Saboda haka babu ita.

Turing ya miƙa takardarsa ran 28 ga Mayu 1936, yana da shekara 23. Ashe a watan Afrilu wani malami a Princeton ta Amurka, Alonzo Church, wanda sunansa a Turance ke nufin ikilisiya, ya riga ya buga amsa iri ɗaya ta wata hanya dabam. Da aka gwada hanyoyin biyu sai aka ga abin da ɗaya ke iya lissaftawa shi ne ɗayar ke iyawa, wannan kuwa ya ƙarfafa zukatan masana cewa an kama ma'anar daidai. Turing ya tafi Princeton ya yi digirinsa na dakta a hannun Church, ya gama a 1938.

Daga takarda zuwa ƙarfe

Sa'ad da Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke a 1939, Turing ya yi aiki a Bletchley Park, inda ake kwance saƙonnin asiri na sojan Jamus. A 1945 von Neumann, wanda ya san aikin Turing, ya rubuta tsarin injin lantarki mai ajiye umarninsa a cikin kansa. Ran 21 ga Yuni 1948 wani ƙaramin inji a jami'ar Manchesta, wanda Frederic Williams da Tom Kilburn suka ƙera, ya gudanar da umarnin da aka ajiye masa a ciki. Shekara 12 ke nan bayan takardar Turing.

Ƙarshen Turing abin tausayi ne. A 1952 aka hukunta shi a ƙarƙashin dokar Ingila ta lokacin a kan tarayya tsakanin namiji da namiji. Ya rasu ran 7 ga Yuni 1954 yana da shekara 41, masu bincike suka ce guba ya sha. A 2013 Sarauniya Elizabeth ta yi masa afuwa, a 2021 kuma aka fitar da takardar fam 50 mai hotonsa.

Tambayar da ta rage

Da injuna suka samu, sai wata tambaya ta taso. Akwai abin da inji zai iya, amma lokacin da zai ɗauka ya fi ƙarfin rai. Mu masu zagaya ƙauyuka domin koyarwa mun san wannan ba tare da sanin sunansa ba. In zan fita daga gida in bi ƙauyuka 5 in dawo, akwai jeri 120 da zan iya bi. In 10 ne, jeri 3,628,800. In 20 ne, 2,432,902,008,176,640,000. Injin da ke gwada jeri biliyan 1 a daƙiƙa zai yi kamar shekara 77 kafin ya gama da ƙauyuka 20. In aka ƙara 5 kawai, zai yi wajen shekara miliyan 490. Masana suna da dabarun da suka fi gwada ɗaya-ɗaya nesa ba kusa ba, har a 2006 aka warware wani mai wurare 85,900. Duk da haka ba a sami hanyar da ke da sauri a kowane hali ba.

Sai mu lura da wani abu. In na tambaya ko akwai hanyar da ba ta wuce kilomita 200 ba, nemanta aiki ne ja. Amma in wani ya kawo mini hanya ya ce ga ta, tara kilomitocin in duba ba wuya. Haka in na ce ka nemo lambobi biyu da in an ninka su za a sami 8,051, za ka yi gumi. In na ce 83 da 97 ne, cikin minti ɗaya ka tabbatar. Tambayar ita ce: duk abin da ke da sauƙin dubawa, ko yana da sauƙin nemowa, mu ne dai ba mu gano dabarar ba? Masana suna kiranta tambayar P da NP.

Godel ya hango ta. A watan Maris na 1956 ya rubuta wa von Neumann wasiƙa a kan wani abu mai kama da ita, amma von Neumann yana kwance da ciwon daji, ya rasu a Fabrairu 1957. A 1971 Stephen Cook na jami'ar Toronto a Kanada ya tsara tambayar sosai. Leonid Levin a Tarayyar Sobiyet ya kai ga abu ɗaya shi kaɗai, aka buga nasa a 1973. A 1972 Richard Karp ya jera matsaloli 21 ya nuna duk a igiya ɗaya suke ɗaure, in aka sami hanya mai sauri ga ɗaya, an samu ga duka. Cikinsu har da raba kaya masu daraja dabam-dabam gida biyu daidai, abin da duk wanda ya zauna rabon gado ya san zafinsa.

Maganar ta shafi aljihunmu. Makullan asiri da ke tsare kuɗin banki da saƙonnin waya, irin wanda Rivest da Shamir da Adleman suka fito da shi a 1977, sun dogara ne a kan cewa nema ya fi dubawa wuya. In aka sami hanya mai sauri da gaske, makullan nan sun tashi aiki. A shekarar 2000, shekara 100 bayan jawabin Hilbert, wata cibiyar lissafi ta Amurka mai suna Clay ta yi taro a Faris ta sa ladan dala miliyan 1 a kan kowace ɗaya daga matsaloli 7, wannan tana ciki. Yawancin masana suna zaton nema ya fi dubawa wuya, amma zato dabam, hujja dabam. Ladan yana nan ba wanda ya karɓa.

Abin da za mu riƙe

Ina so in ja kunnen 'yan'uwana masu wa'azi. Kada mu hau bagade mu ce Godel ko Turing sun tabbatar da bangaskiyarmu da lissafi. Ba su yi haka ba. Abin da suka nuna ya tsaya ne a kan tsarin alamu da injuna masu bin umarni. In muka ɗora masa kayan da bai ɗauka ba, ran da wani ɗalibi ya gane, zai raina sauran maganarmu.

Abin koyi yana cikin halin mutanen. Hilbert ya so amsar ta zama i, ta fito a'a, abokan aikinsa da almajiransa kuwa suka karɓa domin hujja ta tsaya. Suka rubuta iyakar sana'arsu da hannunsu, suka buga kowa ya karanta. Ban taɓa jin mai duba ya tara jama'a ya ce ga abin da ƙasarsa ba ta gani ba.

Ga saurayin nan kuwa, ɗana, ga amsarka. Yi amfani da wayarka, kayan aiki ce mai kyau. Amma akwai tambayoyin da aka tabbatar tun 1936 cewa babu injin da zai iya amsa su duka, akwai waɗanda amsarsu za ta ci shekarun da ba mu da su, akwai kuma kurakuran yau da kullum da ke shiga ta hannun mutanen da suka cika ta da rubutu. In ta ba ka amsa, yi abin da masu lissafi ke yi, ka ce a nuna maka hujja, ka zauna ka duba da kanka. Dubawa dai, kamar yadda muka gani, ba ta fi ƙarfinka ba. Allah ya ba mu hikima da tawali'u, amin.